Kaska Ba Ta Tafiya da Ƙafarta

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa.

Daga rugarmu ta gefen Tsiga, zuwa ga Ɗan Inna.

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka gaisuwa mai yawa, ina gaishe da matarka Hanne da yaron da ke bayanta. Allah Ya sa takardar nan ta same ku kun sauka zango lafiya, ku da dabbobin da ke gabanku. Allah Ya tsare ku daga mahara da ɓarayi da miyagun namun daji, Ya sa duk inda kuka taka ku taka alheri.

Na cusa takardar nan cikin jakar guzurinka domin ka san ba zan iya zaunar da kai in yi maka magana ba. Kai ne ɗan farina. Tun da aka yaye ka aka kai ka ɗakin kakarka Inna, Allah Ya jiƙanta, ka tashi kana kirana Adda, ni kuma ban taɓa kiran sunanka ba. Haka muka tarar ana yi, ban kuma ce laifi ne ba. Amma ga shi za ka kora kusan duk shanun gidanmu zuwa kudu, ƙasar Zazzau, ku ci rani wurin Baffanka Sambo, kuma wannan ne karo na farko da za ka je can, ga shi babu babanka, tunda gwiwa ta zaunar da shi. Shanun nan su ne abin da ya rage mana. Akwai abin da na sani a kansu wanda bai kamata ka tafi ba ka ji ba. Mahaifina ya koya mini rubutu ina yarinya, yana cewa zai yi mini rana. To, ga ranar ta zo.

Babanka ya riga ya yi maka maganar hanya, da wanda za ka gaisar da wanda za ka kauce wa. Ni maganata a kan kaska ce. Na san za ka yi murmushi ka ce wane makiyayi ne bai san kaska ba. Ka san ta gida. Ba ka san ta kudu ba, ba ka kuma san yadda take sauya ƙasa ba.

Ni a arewacin Malumfashi aka haife ni, inda ƙasa take jigawa, ciyawa gajera, rani kuma yana ƙone komai. A can kaska ba abin magana ba ce. Da damina za ka ga 'yan ƙanana a kunnen maraƙi, kaji su tsince su, ruwa na ɗaukewa shi ke nan. Da aka kawo ni Tsiga, ƙasar laka, inda ciyawa take kaiwa ƙugu kuma fadama ba ta bushewa da wuri, sai na ga ta fi yawa, har an ware mata aikin safe. Shekarar da na bi babanka kudu, kafin a haife ka, na ga inda take da sarauta. Gamba ta fi mutum tsawo, inuwa ko'ina, raɓa ba ta sauka daga ciyawa sai hantsi. A can na fara ganin babbar nan mai zane a baya, kamar an yi mata ado da jan zare, mai dogon baki wanda in ya shiga fata sai ya bar gyambo.

A lokacin nan mai zane ba ta cikin garkenmu, sai dai a ba da labarinta. Yanzu tana fadamar Danja, mutanen Mahuta ma suna kuka da ita. Ka ajiye kaska a ƙasa ka ga, yini guda ba za ta wuce tsawon igiyar ɗaure maraƙi ba. To yaya aka yi ta ƙetaro rafuka da dazuzzuka ta iso mana? A jikin shanu ta zo. Ta bi burtali, ta sauka a mashaya, ta kwana a kasuwa, ta hau takarkarin fatake. Ba a banza ake mata kirari da raɓi mai jini ba. Kuma duk inda ta je ba ta zuwa hannu biyu, da ciwon ƙasarsu take zuwa. Wannan ban karanta shi a littafi ba, asara ce ta koya mini.

Ina amarya, aikina bayan tatsa shi ne in taya Inna cire kaska. Ƙyamarta nake yi, musamman wadda ta sha jini ta kumbura kamar ƙwayar zurma. Sai in fizge ta da yatsa biyu, in jefar bayan shinge, in goge hannu a ƙasa. Inna kuwa kullum tana da kasko da garwashi a gefenta, duk wadda ta cire sai ta jefa ciki ta fashe. Wata safiya ta ɗago kai ta gan ni.

Ta ce, "'Yar malam, me kike shukawa a bayan shinge?"

Na ce, "Ba komai, Inna."

Ta ce, "A'a, na ga kina yafa iri. Gero ne ko dawa? Ki faɗa mini tun yanzu in sa a yaɓa rumbu."

Aka yi mini dariya, na sunkuyar da kai. Amma ban daina ba. In Inna tana kusa in kai kasko, in ta yi nisa in jefar, don ina ganin abin da aka raba da jini ai mutuwa zai yi. Can tsakiyar damina, maruƙan da muke ɗaurewa a wannan gefen suka fara ramewa. Na duba ƙafafunsu na ga wasu 'yan mitsi-mitsi kamar an barbaɗa garin taba. Inna ba ta yi faɗa ba. Ta kama hannuna ta zagaya da ni bayan shinge, ta ɗaga wani hoge. Ga uwar kaskar nan ta motse ta mutu, ga tulin ƙwai a gabanta. Ta ce, "Ga girbinki nan, sai ki ɗiba." Sai da aka tsige shingen aka mayar wani wuri, aka cinna wa ciyawar wuta, muka kuma rasa maraƙi ɗaya.

Saboda haka duk kaskar da ka cire, wuta. Kada ka jefar, kada ka murje ta da farce, kada ka ce kaji za su tsince. Ka sa Hanne ta ware kasko guda don wannan aiki kaɗai. Kuma ka duba kowace safiya, kafin shanu su fita, ko da kana jin gajiya har ƙashi. Mai zane ba ta zama inda ido ke gani. Tana hantsa, tana matsematsi, tana ƙarƙashin wutsiya, tana ƙasan wuya da tsakanin kofato. Ka kama ta dab da fata, ka murɗa a hankali har bakin ya fito, sannan ka shafa toka da man shanu a wurin. Ka tuna Ƙyalla, wadda take da nono uku? Ba haka aka haife ta ba. Lokacin kaka ne, aikin gona ya yi mana yawa, na yi ta cewa gobe, har kaska ta taru a kan nonon. Ranar da na zo cirewa kuma na yi gaggawa na fizge, baki ya karye a ciki, wurin ya ruɓe ya toshe. Duk maraƙin da ta haifa bayan nan da yunwa ya tashi.

Wancan duk ƙaramin abu ne in aka kwatanta da shekarar da Baffanka Sambo ya sauka a wurinmu. Kana ƙarami, ba za ka tuna ba. Farkon damina ne, ya taso daga kudu da shanunsa zai wuce arewa ya ba su kanwa ya ga dangi. Yayan babanka ne uwa ɗaya uba ɗaya, sun daɗe ba su ga juna ba. Babanka da kansa ya buɗe shinge aka kora shanun baƙo cikin namu, aka yanka rago, aka yi ta hira. Inna ba ta nan, ta tafi Danja wurin haihuwar goggonka.

Da safe na ɗauki ƙwarya na shiga tatsa. Saniyar farko ta Baffa da na durƙusa a gindinta, na ga hantsarta cike da mai zane, sun yi cincirindo kamar 'ya'yan kanya. Na duba ta biyu, haka. Na san ta, na gan ta a ƙasarsu. Na ajiye ƙwaryar na sami babanka yana alwala a bayan bukka.

Na ce, "Malam, shanun Yaya…"

Ya ce, "Me suka yi?"

Sai na hango Baffa a kan buzu yana jan carbi, yana kallonmu yana murmushi. Yaya matar ƙane za ta ce a fitar da shanun yayan mijinta daga shinge? Na ce, "Ba komai. Cewa na yi sun yi kyau."

Ya ce, "Ai kuwa sun yi kyau."

Daga baya na gane shi ma ya gani tun daren da suka iso. Shi yana kunyar yayansa, ni ina kunyarsu su biyu. Na cire abin da zan iya cirewa a ɓoye, amma hannu ɗaya ba ya gama garke biyu. Baffa ya yi kwanakinsa ya wuce, muka raka shi har bakin rafi.

Abin bai nuna nan da nan ba, shi ya sa mutane ba sa haɗa shi da kaska. Da farko kirci ne ya ɓulla, fatar shanu ta yi ɓawo, gashi yana tsigewa da ƙuraje. Sai wata karsana, 'yar Ƙyalla, ta ƙi cin ciyawa, jikinta zafi. Kashegari ta fara ɗaga ƙafa sama-sama kamar mai taka ƙaya, tana juyi wuri ɗaya, tana tauna babu komai a bakinta. Kafin la'asar ta faɗi tana shure-shure, kumfa a hanci. Bayanta wani bijimi ya fara fitsarin jini, idonsa ya koma rawaya. Daga nan sai ɗaya bayan ɗaya. Garken da sai mutum biyu suke iya korawa ya koma wanda mutum ɗaya zai kora yana waƙa. Bai kuma tsaya a kanmu ba, domin mashayarmu ɗaya da maƙwabta, su ma suka ja mushe.

Wasu suka ce baki ne, wasu suka ce iska ce. Babanka ya ce ƙaddara. Na ce ƙaddara ce, ban musa ba, amma ta ƙofar shinge ta shigo, mu kuma muka buɗe mata. Da Inna ta dawo ta ji yadda aka yi, ta dube mu ta ce, "Na ɗauka manya biyu na bari a gida, ashe amare biyu ne." Tun daga wannan damina mai zane ta zauna a ƙasarmu, ba ta koma ba.

Ga abin da ya daɗe yana ba ni mamaki, kuma shi ne ya fi shafarka. Shanun Baffa babu abin da ya same su. Da kaskarsu suka je arewa, da ita suka dawo, suna ƙiba. Na yi ta lura shekara da shekaru har na gane. Saniyar da aka haifa a ƙasar mai zane, ta cije ta tun tana maraƙi tana shan nonon uwa, takan saba da ciwon, ko ya kama ta sai ya sake ta. Wadda ta girma a inda babu, in ta je da girmanta, ita ciwon yake kayarwa. Mafi yawan shanun da ke gabanka a tudu muka raine su, muna kaffa-kaffa da su. A kudu su baƙi ne. Kada ka dubi na Baffa suna kutsawa cikin gamba lafiya lau ka ce naka ma za su iya. Manyan ne abin tsoro, ba maruƙan ba, musamman bijimin nan ja da muka samo daga wajen Malumfashi. Shi za ka fara dubawa kullum.

Don haka in kun isa, ka gaishe da Baffanka, ka durƙusa yadda ya kamata, ka ba shi goron da babanka ya aiko, amma kada ka haɗa makwancin shanunka da nasa. Ka nemi tudu, wuri mai fako inda rana take duka, ka share ciyawar ka kafa naka shingen. Kada ka fitar da su cikin doguwar ciyawa da raɓa, bari rana ta ɗaga. In akwai mashaya biyu, ka zaɓi mai yashi ko da ta fi nisa. Kada ka sayi saniya a can ka saka ta cikin garke ranar da ka saya, komai kyanta.

Na san Baffanka, zai tsokane ka. Zai ce, "Yau shanun Katsina sun fi ƙarfin kwana da na Zazzau?" Ka yi dariya ka ce, "Baffa, naka jarumai ne, namu 'yan lelen Adda ne, ba su saba ba." Zai yi dariya ya ƙyale ka. Na tabbata da haka, domin shekaru bayan asarar nan, ranar sadakar Inna, na yi ƙarfin hali na gaya masa abin da na gani a hantsar shanunsa. Ya saurare ni har na gama. Sannan ya ce, "Ke da mijinki kun cuce ni. Da kun faɗa, da a bayan gari zan kwana. Kun ɗauke ni wanda zai so a ce ya ziyarci ƙanensa ya bar masa mushe?" Ka ga, kunyar da muka ji ko shi wanda muka ji wa bai gode ba.

In duk da haka wata ta kamu, ka ware ta, ka kai ta inuwa, ka ba ta ruwa a ƙwarya. Jiƙon ɓawon maɗaci da kanwa yakan taimaka wa mai kirci da mai rama. Mai juyi kuwa ban san maganinsa ba, ban kuma ga wanda ya sani ba, ko da za a zo maka da layu da ƙulle-ƙulle. In ta faɗi tana shure-shure, ka sa wuƙa da sunan Allah kada ta zama mushe, ka mayar da hankalinka kan sauran. Ranar nan ka duba garken sau biyu.

Saura magana ɗaya, ita ce ta fi yi mini nauyi. Ka san yadda kake juya kunnen dama in ana yi maka magana. An gaya maka zazzaɓi ne ya taɓa na hagu kana yaro. Zazzaɓi ne, amma ga inda ya faro.

A daminar da ta biyo bayan asarar nan ne, ana suna a gidanmu, mata sun cika tsakar gida, dangin babanka ne mafi yawa. Ka shigo daga wajen maruƙa kana kuka kana jan kunne. Ba ka nufi Inna ba, ni ka nufo, ka dafa gwiwata. Na kalli kunnen ta gefen ido, na ga ƙafafun kaska a ciki. Da na sa yatsa a lokacin, da shi ke nan. Sai wata goggonka ta ce, "Oho, yau yaro ya gane mai nono. Ɗauke shi mana mu gani." Mata suka sa dariya, duk ido ya dawo kaina. Na janye gwiwata na ce, "Je ka wurin Inna." Ka tafi. Inna tana kan tukunya, ta ɗauka rigimar yara ce, ta goya ka ka yi barci. Ni kuma ban je na ce mata ta duba kunnen ba, domin in na faɗa, an san ke nan ina kallonka. Na ce a raina za ta gani da kanta.

Ba ta gani ba sai da jikinka ya yi zafi, kunnen ya kumbura yana ruwa. Ta narka man shanu ta ɗiga, ta fito da ita da tsinke. Ka warke, Alhamdu lillahi, amma jin bai dawo duka ba.

Ban rubuta wannan don ka ce ka yafe ba, na san halinka. Saboda Hanne na rubuta. Yaron da ke bayanta ɗan farinta ne, kuma na ga yadda take kawar da kai in an miƙo mata shi a gabana. Yarinya ce mai tarbiyya, na yaba. A nan gida babu damuwa, ni nake masa wanka, ni nake duba shi. A can babu kaka. Ku biyu ne, sai matan Baffa waɗanda za ta ji kunyarsu fiye da yadda take jin tawa. Ka karanta mata wannan wurin, ka ce Adda ce ta ce. Kowace yamma ta tuɓe shi ta duba bayan kunne da cikinsa, da hamata, da cibiya, da matsematsi, da cikin gashi, ko a gaban wa take. Wanda zai yi dariya ya yi. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Kai ma in ka dawo kiwo ka kakkaɓe rigarka a kan wuta, ka bari ta duba maka baya da ƙeya, kai ma ka duba mata. Kaska ba ta san suruki ba, ba ta san ɗan fari ba. In ɗayanku ya yi zazzaɓi da ciwon kai, ku fara neman inda ta ciza, wurin yakan yi baƙin tabo.

Kunya ado ce, ba na so ka yar da ita. Da ita aka san mu. Ka ji kunyar cin abinci a kasuwa, ka ji kunyar ɗaga murya a gaban manya, ka ji kunyar roƙo. Amma in ka ga abin da zai kashe dabba ko ya nakasa yaro, ka buɗe baki.

Yanzu ga roƙona. Za ku taso gida in ruwan farko ya sauka, kuma lokacin ne mai zane take fitowa da ƙarfinta. Komai ƙoƙarinka, sai wasu sun raɓo ku. Shanunka a ranar nan za su zama kamar na Baffa a waccan shekara. Saboda haka in kun iso, kada ka shigo ruga. Kada ka bi ta mashayar gari. Ka karkata ka sauka a fakon nan na bayan dutse, inda ake shanya dawa, ka kafa shinge a can, ka aiko a gaya mana. A nan za ku zauna muna dubawa safiya bayan safiya, har sai mun tashi mun bi garken kaf ba mu sami ko ɗaya ba. Sannan ku shigo. 'Yan maruƙan da muka riƙe a gida da awakin maƙwabta ba su ci rani a kudu ba, kada su biya kuɗin tafiyar da ba su yi ba.

Na san abin yana da nauyi. Mutum ya yi wata da watanni a daji, ya hango hayaƙin gidansu, a ce ya tsaya. Mutane za su yi magana, wasu su ce saɓani ne ya shiga tsakaninka da babanka. Na riga na yi magana da shi jiya bayan azahar, yana zaune yana shafa wa gwiwarsa man kaɗanya.

Ya ce, "Ɗana ya dawo daga cin rani ya sauka a bayan dutse kamar wanda aka kora? Me mutanen Tsiga za su ce?"

Na ce, "Abin da suka ce shekarar da muke jan mushe, ka tuna shi?"

Ya ci gaba da shafa gwiwa. Can ya ce, "To wa zai riƙa kai musu tuwo? Ni dai ka ga ƙafata."

Na ce, "Ni."

Ya ɗago kai. "Ke? Wurin ɗan farinki? Gari na kallo?"

Na ce, "Gari na kallo. Da kaskona da garwashina."

Ya yi dariya har da tari, ya ce, "Allah Ya ba ni rai in ga wannan rana. A ɗora ni a jaki a kai ni."

To ka ji, ya yarda. Kai dai ka tsaya a fako. Ba za ka daɗe kana jira ba, zan zo da sassafe. Zan fara da jan bijimin, in bi sauran ɗaya bayan ɗaya, in karɓi yaron daga bayan Hanne in duba shi. In na gama, kai ma sai ka cire hula ka zauna a gabana.

Ban da shakka a kanka. Hannunka yana da sanyi a kan dabba, kuma ba ka da gaggawa irin tawa. Allah Ya kai ku lafiya, Ya ba ku ruwa da ciyawa, Ya kare ku daga ciwon da ake gani da wanda ba a gani. Allah Ya raya yaron, Ya ba Hanne haƙurin baƙunta. Ya sa garken da ka kora ya dawo ya fi yadda ya tafi, Ya haɗa fuskokinmu da alheri. Ka gaishe da Baffanka da iyalinsa duka. Babanka yana sa maka albarka, ni ma haka.

Wassalam.

Addarka.